Hangen Dala ba shiga birni ba: masaukin Clachaig da gangaren da ke bayansa

A kwarin Glencoe da ke yammacin tsaunukan Sikotilan akwai wani farin gini a gefen tsohuwar hanyar mota, kimanin kilomita 4 zuwa 5 daga ƙauyen Glencoe. Sunansa Clachaig, masauki ne da ya haura shekara 300 yana sauke matafiya. Yau mafi yawan baƙinsa masu hawan dutse ne da masu yawon ƙafa a tsauni. Akwai ɗakunan kwana, akwai wurin cin abinci, akwai mashaya, kuma babban ɗakin zaman an yi shi ne don mutum ya shiga da takalminsa mai taɓo ba wanda zai harare shi. Wanda ya yini cikin ruwa da iska ya san darajar irin wannan wuri.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan masauki a matsayin abin nazari shi ne wata matsala guda da ta daɗe tana maimaita kanta. Daga saman tsaunin da ke bayansa ana hango ginin tar, kamar mutum ya miƙa hannu ya taɓa. Hanyar da ta fi kusa zuwa gare shi kuwa ita ce mafi haɗari a wannan gefen, kuma ta ci rayuka. Laifin ba na masaukin ba ne. Wurin da ya zauna da yanayin da mutum ke ciki lokacin da ya hango shi, su ne suka haɗu suka zama tarko.

Wurin da tarihinsa

Duk wanda ya shiga ƙofar masaukin zai ci karo da wani ƙaramin allo da ke cewa ba a karɓar 'yan talla da 'yan gidan Campbell. Yanzu raha ce, amma tushenta jini ne. An ba shugabannin dangogin tsaunuka wa'adin ranar 1 ga Janairu 1692 su yi wa Sarki William na Uku mubaya'a. Shugaban dangin MacDonald na Glencoe ya makara, bai yi rantsuwar ba sai ranar 6 ga watan a garin Inveraray. Aka turo sojoji ƙarƙashin Kyaftin Robert Campbell na Glenlyon, mutanen kwarin suka sauke su a gidajensu, suka ciyar da su kusan mako biyu. Da asubahin 13 ga Fabrairu 1692 baƙin suka far wa masu masaukinsu, suka kashe mutum talatin da wani abu, wasu kuma sanyi ya ƙarasa su a kan duwatsu. Bahaushe da ke cewa baƙonka annabinka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa ba a manta ba har yau. Dokar Sikotilan ta lokacin ma ta ware kisan da aka yi ta hanyar cin amana a matsayin laifi mafi muni.

Masu hawan dutse sun fara mayar da Clachaig sansaninsu tun ƙarshen ƙarni na 19. An kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta Sikotilan a 1889, kuma ta riƙa yin tarukanta a nan. A 1891 Hugh Munro ya fitar da jerin tsaunukan ƙasar da suka haura ƙafa 3,000, wato mita 914, waɗanda ake kira da sunansa, yau adadinsu 282. Mutum na farko da aka rubuta ya kammala su, wani limamin coci A. E. Robertson, ya rufe ne a 1901 da Meall Dearg, ɗaya daga cikin ƙololuwar doron da za mu yi magana a kai. Da aka gina sabon titin A82 a farkon shekarun 1930 sai ya kauce wa masaukin kaɗan, ya bar shi a kan tsohuwar hanya mai ƙunci.

Doron Aonach Eagach

Ta kudu da kwarin akwai tsaunin Bidean nam Bian mai tsayin mita 1,150. Ta arewa kuma akwai wani dogon doron dutse mai suna Aonach Eagach, wanda a harshen Gelik yake nufin doro mai giɓi-giɓi. Ana yawan cewa shi ne mafi ƙunci a babban yankin Birtaniya. Yawanci daga gabas ake soma shi a ƙare a yamma. Ana ajiye mota a gefen A82 kusa da wani wuri da ake kira Allt-na-reigh, a hau zuwa Am Bodach mai mita 943, a wuce Meall Dearg mai mita 953, a ratsa tsinannun duwatsun tsakiya, a kai Stob Coire Leith mai mita 940, a ƙare a Sgorr nam Fiannaidh mai mita 967.

Tafiya ce ta hannu da ƙafa. A ma'aunin Birtaniya na irin wannan hawa tana mataki na 2 cikin 3 a lokacin zafi, idan ƙanƙara ta sauka kuwa ta koma aikin gwanaye masu igiya da gatarin ƙanƙara da ƙayoyin ƙarfen da ake ɗaura wa takalmi. Wurin gwaji na farko yana bayan Am Bodach, inda ake sauka da baya a kan dutse mai santsi saboda yawan takawa. Wanda ya ga wannan saukar ta fi ƙarfinsa, nan ne wurin juyawa, domin na gaba ya fi shi. Daga nan har Stob Coire Leith babu wata hanyar kuɓuta ta ɓangaren Glencoe. Mafita guda da aka sani a tsakiya ita ce daga Meall Dearg a sauka ta arewa, a fita ta kwarin Gleann a' Chaolais zuwa bakin tafkin Leven, can wani gefe dabam da inda aka bar mota. A Agustan 2023 mutum uku suka rasu a kan wannan doro a rana ɗaya.

Duk tafiyar ba ta wuce kilomita 10 ba, hawan kuma kimanin mita 1,100 ne. A nan kuskuren lissafi yake farawa. Akwai wata ƙa'ida da William Naismith ya kawo a 1892 wadda har yau ake koyarwa: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Idan aka bi ta, amsar ba ta kai awa 4 ba. A zahiri mutane na cin awa 7 zuwa 9. Ƙa'idar an yi ta ne don tafiyar ƙafa zalla. Ba ta san jiran layi a wurin da mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa ba, ba ta san ɗaura igiya da kwance ta ba, ba ta san wanda gwiwarsa ta soma rawa ana lallashinsa ba. Tawagar mutum shida na iya ɓata rabin awa a wurin da mutum biyu za su wuce cikin minti goma.

Sai a haɗa wannan da tsawon yini. A tsakiyar Yuni rana ba ta faɗuwa a Glencoe sai bayan ƙarfe 10 na dare. A farkon Nuwamba, bayan an mayar da agogo baya, tana faɗuwa wajen 4:30 na yamma, a ƙarshen Disamba kuma kafin ƙarfe 4. A ɗauka tawaga ta yi kalaci a natse ta bar mota ƙarfe 10 na safe a farkon Nuwamba. Awa 2 zuwa Am Bodach, awa 3 zuwa 4 a kan doron. Za su isa ƙololuwar ƙarshe tsakanin 3 da 4, da saukar mita 900 a gabansu da hasken da bai wuce na awa ɗaya da rabi ba.

Mararrabar da ake yanke shawara

A kan Sgorr nam Fiannaidh wahalar hawa ta ƙare, kuma kowa ya san ta ƙare. Ana cire hular kwano, ana naɗe igiya, ana ɗaukar hoto. Idan aka ɗan yi yamma kaɗan sai ga Clachaig can ƙasa ta hagu, nisan da bai wuce kilomita 2 ba a miƙe, da motoci jere a gabansa, da fitilunsa idan magariba ta kawo jiki. Ga kuma sawun hanya a fili yana gangarawa wajensa.

Wannan sawun yana bin gefen wani kwazazzabo mai zurfi da ya tsaga tsaunin daga sama har ƙasa, wanda ake kira da sunan masaukin. Tsawonsa ya kai mita 500. Cikinsa hanyar hawa ce ta gwanaye, sai a 1938 W. H. Murray da abokansa uku suka fara kai ƙarshenta, bayan wasu sun gwada sun kasa tun shekarun 1890. Bangonsa a wurare da yawa a miƙe yake. Wanda ya faɗa ciki daga sama da wuya a ɗauko shi da rai.

Me ya sa mutanen da suka ratsa doro mai wuya lafiya suke faɗuwa a kan abin da ake kira hanyar ƙafa? Abu na farko siffar gangaren ce. Daga sama yana farawa da sauƙi, sai ya riƙa ƙara tsayuwa yayin da ake sauka, don haka mai kallo daga ƙololuwa yana ganin farkon da ƙarshen, tsakiyar da ta fi muni a ɓoye take. Kafin ya gane, ya riga ya sauka mita ɗari biyu ko uku, kuma komawa sama a gajiye abu ne da kusan ba mai yarda ya yi.

Na biyu ƙasar wurin. Takun shekaru da ruwan sama sun kwashe ciyawa da ƙasar sama, abin da ya rage ƙananan tsakuwa ne a kan dutse mai tauri. Tsakuwa a kan dutse kamar gero ne a kan siminti, ƙafa na tafiya ba sallama. A kan doron sama akwai tsoro amma akwai abin riƙo mai ƙwari. A nan tsoron ya ragu, abin riƙon kuma babu. A wasu wurare sawun yana matsowa dab da bakin kwazazzabon, ta yadda zamewar da a wani wuri za ta ƙare da ƙujewar gwiwa, a nan babu filin tsayawa.

Na uku jiki. Bayan awa shida, naman cinya da ke riƙe nauyi a gangara ya gaji, kuma shi ne birkin mai sauka. Babu ruwan sha a kan doron, mutane da yawa kuma ba sa cin abinci a wuraren tsoro, sai su iso ƙarshe da ƙishi da yunwa. Gajiya irin wannan tana taɓa tunani kafin ta taɓa ƙafa.

Akwai na huɗu da ba a cika ambata ba, wato mota. An bar ta can gabas kusa da Allt-na-reigh, kimanin kilomita 5 daga masaukin. Hanyar sauka mai aminci tana ƙara nisanta mutum da ita zuwa yamma. Wanda bai tanadi abin hawan komawa ba yana lissafin wannan a ransa, kuma lissafin yana tura shi hagu. A ganinmu wannan dalilin ya fi sauran sauƙin magani, domin tun da safe a filin ajiye mota ake kashe shi.

Haɗarin bai tsaya kan mai sauka ba. Duk dutsen da ƙafarsa ta ture yana faɗawa cikin kwazazzabon, inda wataƙila akwai masu hawa ɗaure da igiya da ba su da wurin kaucewa.

Hanyar da ake bi

Littattafan jagora da masu aikin ceto bakinsu ɗaya ne a kan wannan. Daga ƙololuwar Sgorr nam Fiannaidh a ci gaba da bin doron zuwa yamma, a bar duk sawun da ya karkata hagu, sannan a juya arewa maso yamma ana fuskantar wani tsauni mai siffar tulluwa, Sgorr na Cìche, mai mita 742, wanda ake gani daga nesa. Kafin a kai gindinsa za a haɗu da hanyar da masu hawansa ke bi, ita ce ke gangarawa kudu maso yamma har tsohuwar hanyar mota tsakanin ƙauyen da masaukin. Ita ma ba shimfiɗa ba ce. Samanta duwatsu ne masu motsi, ƙasanta taɓo, kuma tana cin kusan awa 2. Bambancin shi ne wanda ya zame a nan zama yake yi a ƙasa ya tashi. Daga inda ta fito a titi akwai kilomita 2 zuwa 3 na kwalta zuwa Clachaig. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Hausawa, a nan kuwa ƙarin bai wuce na awa ɗaya ba.

A cikin hazo mararrabar tana ruɗarwa, saboda sawun kwazazzabon a bayyane yake, ido kuma abin da ya fi bayyana yake bi. Tarin duwatsun da mutane ke jerawa ba hujja ba ne, kowa na iya jera su. Abin yi shi ne tun a masauki a buɗe taswira, ko Explorer mai lamba 384 ko Landranger mai lamba 41 na hukumar safiyon Birtaniya, a fitar da kusurwar kamfas daga ƙololuwar zuwa inda za a juya, a rubuta a takarda a sa a aljihu. Taswirar waya tana da amfani, amma sanyi na shanye batir, gilashin kuma ba ya jin yatsa idan ya jiƙe.

Wasu na sauka kai tsaye kudu daga ƙololuwar zuwa tafkin Achtriochtan. Gangare ne mai tsayi cike da tsakuwa, ba na wanda ya gaji ko wanda duhu ya kama ba ne.

Shirin da ake yi tun daga masauki

A fara da mota. Idan biyu ne, a bar ɗaya a yamma inda za a fito. Idan ɗaya ce, a bar ta a yamma a nemi tasi ko wani ya kai mutum mafarin da safe, ko a ɗaure keke a ƙarshen hanya. Tafiyar titi da safe da sabuwar ƙafa ta fi tafiyar gefen A82 cikin duhu, domin titi ne na manyan motoci kuma a wurare da yawa ba shi da gefen masu ƙafa.

Sai lokaci. A ƙirga baya daga faɗuwar rana: awa 9 na tafiya da awa 1 na ko-ta-kwana. Idan lissafin ya ce a tashi kafin a buɗe ɗakin kalaci, a nemi a ƙunsa abincin tun da dare. A kuma sa lokacin juyawa, misali duk wanda bai kai Am Bodach ba a ƙarfe kaza ya koma ta inda ya hau.

Hasashen yanayi na gari ba ya aiki a sama. Zafi na raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, iska kuma tana iya ninka ta ƙasa. Akwai hasashe na musamman na tsaunuka daga MWIS, wato cibiyar bayanan yanayin tsaunuka, da kuma hukumar yanayi ta Birtaniya. A lokacin hunturu hukumar lura da zaftarewar ƙanƙara ta Sikotilan, wadda ta soma aiki a 1988, tana fitar da rahoton Glencoe kullum. Ba don ado ake karanta shi ba: a Janairun 2009 zaftarewa ta kashe mutum uku a tsaunin Buachaille Etive Mòr, a Janairun 2013 ta kashe huɗu a Bidean nam Bian, duka a wannan kwarin. Dutsen Aonach Eagach na aman wuta ne na dā, a bushe yana riƙe takalmi, a jiƙe yana santsi, don haka ranar ruwa ko iska mai ƙarfi a sauya shiri.

A jaka: ruwa lita 2 ga kowane mutum, abincin da za a iya ci da hannu ɗaya, rigar ruwa da wandonta, rigar ɗumi ta ƙari, safar hannu, hular kwano, tocilar goshi ga kowa da batirin canji, usur, da jakar fakewa da tawaga ke shiga ciki ta tsare iska. Tocila ɗaya ga mutum uku a gangaren tsakuwa daidai take da babu. A ci wani abu a sha ruwa a kan Sgorr nam Fiannaidh kafin a ɗaga ƙafa, kuma kada a cire hular sai an sauka daga duwatsu masu motsi.

Dokar Sikotilan ta 2003 ta ba kowa 'yancin shiga mafi yawan filaye da tsaunuka muddin ya kiyaye haƙƙin wasu. Saboda haka ba shinge, ba mai gadi, ba wanda zai tare mutum a bakin sawun kwazazzabon. Abin da masauki irin wannan ke iya yi shi ne magana, kuma an sha shirya laccocin kiyaye haɗari a Clachaig a lokacin hunturu. Hirar dare a ɗakin zama ma makaranta ce, sai dai mai saurare ya tace: wanda ya ce ya sauka ta kwazazzabon lafiya gaskiya ya faɗa, amma waɗanda ba su sauka lafiya ba ba sa cikin hirar.

Idan abin ya riga ya faru

Wanda ya tsinci kansa a tsakiyar gangaren ya ga ya fi ƙarfinsa, in da sauran haske da ƙarfi ya koma sama. In babu, ya matsa nesa da bakin kwazazzabon, ya sami wurin da zai zauna daram, ya sa duk rigunansa, ya kira 999 ko 112, ya nemi 'yan sanda, sannan ya ce masu ceton tsauni yake so. 'Yan sanda ne ke da alhakin tada su. Za a tambaye shi inda yake, adadin mutane, irin raunin da lambar wayarsa. Lambar wuri a taswirar wannan yanki tana farawa da haruffan NN sai alƙaluma shida. Sau da yawa sukan turo saƙo mai mahaɗi wanda in an taɓa shi yake nuna musu inda wayar take. Ana iya yin rajistar aika saƙon tes zuwa 999 tun kafin tafiya, abin da ke da amfani inda sabis bai isa kira ba. Alamar neman taimako busa usur sau shida ce ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a sake. Bayan an yi kira kada a bar wurin sai in an ce a bari.

Masu zuwa 'yan sa-kai ne. Hamish MacInnes ne ya kafa tawagar ceto ta Glencoe a 1961, shi ne kuma ya ƙera gadon ɗaukar masu rauni mai naɗewa da ke ɗauke da sunansa, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da yawa. Ya rasu a 2020 yana da shekara 90. Ba a biyan kuɗin ceto. Jirgi mai saukar ungulu na masu gadin teku yana taimakawa, amma hazo ko iska na hana shi kusantar dutse, sai a koma ɗaukar mutum da hannu da igiya, aikin da ke cin awanni. Saboda haka rigar ɗumin nan da jakar fakewa su ne ke riƙe mai rauni kafin a iso.

Kafin a fita a bar wa wani takarda mai sunayen tawaga, hanyar da za a bi har da ta sauka, lambar mota da inda aka ajiye ta, da lokacin da in ya wuce ba a ji ɗuriyarsu ba a kira 'yan sanda. Idan an sauko, kafin a kai jiƙaƙƙun kaya ɗakin shanya, a sanar da wanda aka bar wa takardar. Mantuwa da wannan tana tada mutane daga gidajensu su hau dutse cikin dare neman wanda ke zaune kusa da murhu da kofin shayi a hannunsa.